Na gaji da karanta wa Inna wuri ɗaya kullum

Gwaggo, barka da aiki. Ni malamin lakwal ne a nan Damagaram, shekarata 33, ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma ni ne ɗan fari a gidanmu. Babanmu dattijon ikilisiya ne, ya rasu shekara 3 ke nan. Tun yana raye idon Inna ya fara hazo, shi ke karanta mata Littafi Mai Tsarki kowane dare bayan tuwo. Da ya rasu sai aikin ya faɗo kaina, domin ƙanena ya tafi Aljeriya neman kuɗi shekara 4 da suka wuce, sai a yi wata 5 ba a ji muryarsa ba, ƙanwarmu kuma tana aure a Magarya.

Inna wuri uku kawai take so: Luka 15, littafin Rut, da Zabura 121. Yau wannan, gobe wancan, gata a koma farko. Ta haddace su, in na tsallake kalma ɗaya sai ta ce, "Ba haka yake ba, koma." Ga shi ni da Faransanci na yi karatu, Hausar boko ina yi ina tuntuɓe. Na saya mata 'yar rediyo mai kati wadda aka ɗauki karatun Littafin duka a ciki, ta saurara kwana biyu ta tura ta ƙarƙashin gado.

Ran nan na dawo a gajiye, ga takardun yara ban gyara ba, ga an ɗauke wuta. Ta miƙo mini littafin Baba ta ce Luka. Sai na ce, "Inna, wannan ɗan ai ya dawo gida tun tuni, me kuma za mu ji?" Ba ta ce uffan ba, ta karɓi littafin ta naɗe shi cikin zanensa. Yau kwana 9 ba ta sake tambaya ba. Matata ta ce na yi abin kunya.

Amma abin da ya fi damuna ni kaina ne. Na sauke Littafin sau biyu, daga Farawa har Wahayi. Yanzu in na buɗe, ido na tafiya, zuciya na wani wuri, na san abin da zai biyo baya kafin in kai. Gajerun wa'azin da ake turowa a WhatsApp sun fi motsa ni. Mene ne amfanin maimaita abin da mutum ya riga ya sani? Ko bangaskiyata ce ta mutu ban sani ba? Ina jin nauyin faɗa wa fasto, don ni ke koyar da matasa ran Lahadi.

Ɗanki, wani malamin lakwal, Damagaram

Ɗana, sannu da ɗawainiya, Allah ya yi maka albarka. Kafin in taɓa inda ka yi kuskure, bari in lissafa maka abin da kai ba ka lissafa ba: karatun dare na shekara 3 ya haura dare 1,000. Mutum ya wuni yana fama da yara da alli, ya dawo ya zauna bakin tabarma da tocila yana haɗa baƙaƙen da bai saba da su ba, 'ya'ya da yawa da tuni sun zame. Gajiyarka ban ga laifinta ba. Maganar da gajiyar ta fitar daga bakinka ita ce ta yi ɓarna, kuma ina jin har yanzu ba ka ga zurfin yankan ba.

Sau uku na karanta wasiƙarka. Karon farko na ga ɗa mai gajiya da tsohuwa mai naci, har na fara shirya maka amsa a kan haƙuri da iyaye. A karo na biyu ne idona ya tsaya kan wani ɗan layi da ka wuce shi a guje: ƙanenka yana Aljeriya shekara 4, sai a yi wata 5 ba a ji muryarsa ba. Daga nan na ɗauko nawa Littafin na jera wuraren nan uku.

Luka 15, daga aya 11, labarin ƙaramin ɗa ne da ya tattara nasa-ya-nasa ya tafi ƙasa mai nisa, yunwa ta same shi a can, uban kuma ya hango shi tun yana nesa, wato idonsa bai taɓa barin hanya ba. Rut, sura 4 kacal, labarin Na'omi ne, wadda yunwa ta kora daga Baitalami zuwa Mowab, ta binne miji da 'ya'ya maza biyu a can, ta komo tana cewa a daina kiranta da sunanta, a ce da ita Mara, domin ta fita a cike ta dawo hannu wofi. Zabura 121 kuwa aya 8 ce, waƙar mai tafiya: mai tsaronka ba ya gyangyaɗi, rana ba za ta buge ka ba, Ubangiji zai kiyaye fitarka da shigarka. Duk wanda ya san abin da ke tsakanin Agadas da Arlit da iyakar Aljeriya ya san yadda zancen bugun rana ke sauka a kunnen uwa. Littattafai 66 ne a hannunka, sura 1,189. Inna ta bar su duka ta zaɓi gwauruwa, da matafiyi, da ɗan da ake jira. Addu'a take yi da bakinka, ɗana, tunda nata idon ya ƙi.

Yanzu ka sake faɗa wa kanka abin da ka faɗa mata: wannan ɗan ya dawo gida tun tuni. Na littafi ya dawo, nata bai dawo ba, ko jana'izar ubansa bai gani ba. Na san ba'ar gajiya ce ta suɓuce maka, amma abin da ya shiga kunnenta ke nan, shi ya sa ba ta yi faɗa ba. Da faɗa ta yi, da da sauƙi. Kada kuma ka jira ta buɗe baki ta ce ka ɓata mata rai. Kai ɗan fari ne, mu kuwa matan zamaninmu, Kirista da Musulmi duk ɗaya, da kunyar ɗan fari aka tashe mu. Wata har ta koma ga Allah ba za ta kama sunansa ba, balle ta ce "zo ka zauna kusa da ni". "Karanta mini Luka" ita ce ƙofar da al'ada ta bar mata ta kira ka. Rediyon da zuciya ɗaya ka saya, amma muryar baƙo ce a ciki, ba ta tuntuɓe, ba a ce mata "koma". Wurin da Babanka yake zama ne take so ta ji da mutum a ciki.

To, ga tambayarka, mene ne amfanin maimaita abin da aka sani. Zan amsa maka da surar da ta gundure ka. Ka ce ka san ta, na yarda ka san rabinta. Yaushe rabonka da lura da abin da ke faruwa daga aya 25? Akwai wani ɗa a gidan, babban, wanda bai je ko'ina ba. Yana gona ake shagali, ya dawo ya ji kiɗa, ya yi fushi ya ƙi shiga. Ya ce wa uban shekara da shekaru yana yi masa bauta, bai taɓa ƙetare umarninsa ba, amma ko ɗan akuya ba a taɓa ba shi ba. Bakinsa bai ma iya furta "ƙanena" ba, sai ya ce "ɗan nan naka". Ka gaya mini tsakaninka da Allah: mutumin da ya zauna ya riƙe gida, ya binne uba, ina zaton shi ke awo shi ke sayen magani, sannan kowane dare a sa shi karanta labarin ɗan da ya tafi ake ta begensa, ba zai ji wani abu ya tokare masa ƙirji ba? Ina jin ba maimaici kaɗai ne ya gajiyar da kai ba. Surar tana fama maka wani gyambo, kai kuma ka ce "na riga na sani" don ka huta.

Ka koma ka duba. Sau biyu uban ya fita daga gida a labarin: ya fita a guje ya tari ƙaramin a aya 20, ya sake fita a aya 28 yana lallashin babban. Masu wa'azi sukan tsaya kan fitar farko, ta biyun kuwa taka ce. Ya ce masa kullum yana tare da shi, duk abin da yake da shi nasa ne. Nan Yesu ya yanke labarin, bai faɗa mana ko babban ya shiga ko a waje ya kwana ba. Ni na fi shekara 40 ina jin surar nan kafin in lura ba a rufe ta ba. Ina budurwa, ni ce ƙaramin, mai ɗokin ganin duniya. Da na haifi nawa suka fara fita, sai na koma uban, ina leƙen hanya. Ranar da aka raba gadon gidanmu na ga ana rawar jiki da wanda bai taɓa kawo ko tiya ɗaya ta gero ba, ran nan na san babban wan ciki da bai, na kuma ji kunyar kaina. Baƙaƙen suna nan inda suke tun ina yarinya, mai karatun ce kowace shekara wata ce daban.

Mu mazauna Damagaram bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Maƙwabtanmu Musulmi in yaro ya sauke Alƙur'ani akan yi walima, amma ba wanda ke cewa ya gama, komawa farko zai yi, a yi ta tilawa har tsufa. Wata kalmar da ake kiran wannan maimaici da ita ma daga wurin niƙa aka aro ta, tishi: hatsin da ya bi dutse sau ɗaya da tsaki a cikinsa, sai an tisa yake laushin da zai tuƙu. Ka sauke sau biyu, madalla, ka ɓarza ke nan. Kai malami ne, ka san yaron da ke cewa "mushe, na sani" tun ba a gama tambaya ba, ka kuma san abin da yakan rubuta ran jarrabawa. An ce da ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani kullum.

Littafin da kansa bai ɓoye cewa don tishi aka yi shi ba. Na biyar cikin littattafan Musa sunansa ma Maimaitawar Shari'a. A sura 6 an ce a riƙa zancen kalmomin a zaune a gida, da bisa hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi, a sura 17 kuma an ce sarki ya kwafi nasa ya riƙa karantawa muddin ransa. Gundura ma ba a kanka aka fara ba. Isra'ilawa shekara 40 suna cin manna, a Littafin Ƙidaya sura 11 ga su zaune suna kuka, suna tuna kifin Masar da albasa da tafarnuwa, wai ba abin da idonsu ke gani sai mannan nan. In na zo wurin sai in yi dariya, don haka jikokina ke yi wa tuwon gero, alhali shi ya tsayar musu da ƙafa.

Akwai kuma abin da mu a garin nan muka koya da wuya. Ran Juma'a 16 ga Janairu 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram, mutane da yawa sun bar gidajensu da kayan jikinsu kawai, littattafai suka zama toka. Ban ɗauko zancen don in tono tsohon miki ba. Mu kanmu wani maƙwabcinmu Musulmi ne ya buɗe mana ƙofa ya ɓoye mu, ba kuwa zan manta masa ba har in mutu. Daren nan a ɗakin matarsa, mun cika ɗaki, ba mai ko shafi ɗaya na Littafin. Ni mai takardar lakwal na laluba kaina, rabin aya nan, rabin aya can. Wata tsohuwa wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa ita ta ja mana Zabura 91 daga farko har ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa, don shekara da shekaru tana sa jikanta ya maimaita mata. Irin wannan rumbun Inna take cikawa, kai ma kuwa ko ba ka lura ba ana zuba maka.

Bangaskiyarka ba ta mutu ba, gawa ba ta rubuto wasiƙa tana tambaya ko ta mutu. Rani yakan shigo zuciyar kowa, masu Zabura ma sun sha shi: a ta 13 sau huɗu ana tambayar "har yaushe", ta 88 kuwa da duhu ta ƙare, aka kuma bar ta cikin Littafin ba a cire ba. Amma zan yi maka tambayar uwa. Ka yi kukan Babanka kuwa? Ɗan fari yakan tashi daga makabarta ya zarce karɓar gaisuwa da biyan bashi, ba ya samun ranar zama. Ga shi kai kowane dare littafinsa ne a hannunka, a mazauninsa. In ka ga rashin ɗanɗanon nan bai tsaya kan karatu ba, ya shafi abinci da barci da aiki da wasa da 'ya'yanka har ya yi makonni, ka je ka ga likita ka faɗa masa yadda ka faɗa mini. Ciwo ne da ake magani, addu'a da magani kuma ba kishiyoyi ba ne.

Abin da ke gabanka yanzu ba ya jiran Lahadi. Gobe da safe in ka shiga gaishe ta, ka durƙusa ka ɗan daɗe, ka ce, "Inna, ran nan na yi miki magana marar kyau, ki gafarce ni." Kada ka kawo zancen gajiya ko wutar da aka ɗauke, ta san da su, tuban da aka ɗaura wa hujja kuwa ba ya shiga. Mai yiwuwa ta ce "ba komai" ta kau da kai, kada ka matsa. Da dare kai da kanka ka ɗauko littafin ka kwance zanen, kada ka jira ta miƙo. Ka karanta Luka 15 har aya 32 ba gaggawa, in ka gama ka kama sunan ƙanenka ku yi masa addu'a. Ina jin ta daɗe tana jiran wani ya haɗa mata waɗannan biyun a fili.

Bayan 'yan kwanaki, in fuska ta saki, ka fara tambayarta. "Inna, wace aya Baba ya fi so a nan?" "Da ke ce Na'omi, da kin bar Rut ta biyo ki?" Za ka sha mamakin abin da ke cikin kan tsohuwar da ta yi shekaru tana juya sura 6. Kada ka ƙwace mata wurarenta. In kana son sabon abu, ka ɗora a kai: bayan nata ka ce "ga ƙarin miya", ka karanta 'yan ayoyi daga wani wuri. Labarin Yusufu, Farawa 37 zuwa 50, zai shige ta, shi ma ɗa ne da ya ɓace a ƙasar wasu, uban kuma ya gan shi da idonsa kafin ya mutu.

Ba dole kowane dare ya zama kai ba, kayan da suka fi ƙarfin wuya su suka kai ka ga abin da ya faru. Ka ɗauki dare 4 a mako, minti 15 ya isa, ka faɗa mata ranakun don ta san abin da take jira. Maiɗakinka ta faɗi gaskiya, amma wanda ya ga kaya sun karkace ya kamata ya kama gefe ɗaya. In ta iya karatu ka roƙe ta ta ɗauki littafin Rut, roƙo fa na ce, don ita ma wuni take a tsaye, ga wahalar ruwa ta garin nan. Akwai nauyi tsakanin uwar miji da matar ɗa, daren farko muryarta za ta yi rawa. Amma ka duba yadda zai zama in matar ɗa ce ke karanta wa uwar miji wurin da matan Baitalami ke ce wa Na'omi surukarta ta fiye mata 'ya'ya maza bakwai. In ta ƙi kada ya zama rigima. Zumuntar mata ba ta rasa mai zuwa sau ɗaya a mako, babban ɗanka kuma in ya fara haɗa baƙi, Zabura 121 daidai bakinsa take, kaka ba ta gajiya da tuntuɓen jika. Rediyon a ciro ta ta yi aikin hantsi, lokacin da kowa ya fita. Sannan ka kai Inna a duba idon nan. Ba ka faɗi abin da likita ya ce ba, ina tsoron ba a je ba. In yanar ido ce, aiki ake yi a cire ta, tsofaffi da yawa sun koma zura zare a allura. In hawan jinin ido ne, jinkiri shi ke cinye sauran ganin.

Naka karatun kuwa, shawarata ka rage shi. Ka ajiye tsarin nan na sauke Littafin cikin shekara, sura uku ko huɗu kullum, ka riga ka ci amfaninsa sau biyu. Ka ɗauki Markus, mafi gajarta cikin Bishara huɗu, sura 16. Wata Asabar ka samu inuwa ka karance ta a zama ɗaya yadda ake jin labari, ba za ta ci maka awa 2 ba. Daga nan ka koma farko, sura ɗaya mako guda. Yau da Faransancinka, gobe da Hausa da murya yadda kunnenka zai ji, jibi ka kwafi aya biyu ko uku da hannu a kaye, irin aikin da aka ba sarki. Sauran kwanakin tambaya ɗaya tak: me ke nan wanda jiya ban gani ba? Wata rana ba za ka ga komai ba, ka rufe ka tafi aiki, ba a yi asara ba. In ka kai sura 8 ka dakata kan makahon Betsaida, wanda Markus kaɗai ya ba da labarinsa. Yesu ya taɓa idonsa, ya ce yana ganin mutane kamar itatuwa suna tafiya, sai da aka sake taɓawa ya ga komai sarai.

Tuntuɓen da kake yi da Hausa ni alheri na ɗauke shi. Faransanci ya zame maka kwalta, kana gudu ba ka ganin gefen hanya, Hausa kuwa tana sa ka taka a ƙasa. Inda fassarar Faransanci ta Segond da ta Hausa suka ɗan saɓa, nan za ka tsaya ka yi tambaya. Kada kuma ka ɗauki Littafin Hausa wani baƙo ne daga Najeriya. Wani yaron ƙasar Damagaram, Dorugu, wanda aka kama bauta yana ƙarami, shi ne matafiyin nan Barth ya tafi da shi Ingila a 1855, ya zauna da wani ɗan mishan, James Schön, yana ba shi Hausa baki da baki, a 1857 kuma aka buga Bisharar Matiyu da Hausa. 'Yan mishan na SIM sun zauna a garin nan a 1924, cikakken Littafin bai fito ba sai 1932, aka sake sabuwar fassara wajen 1980, wadda nake zaton ita ce ta Babanka. Shekara 75 tsakanin Matiyu da cikakken Littafi, mutane suna ta juya kalma suna neman wadda ta zauna daidai. Kai ka huta dare 9, ya isa.

Wa'azin WhatsApp ban hana ka ba, akwai na kirki a ciki. Sai dai abin minti 2 da kiɗa a ƙarƙashinsa kamar yaji yake, wanda ya saba da shi duk abincin gida lami zai ji shi. Ka yi musu abin da mutanen Biriya suka yi wa Bulus kansa a Ayyukan Manzanni 17: duk ayar da mai wa'azi ya jefo, ka buɗe ka karanta abin da ke gabanta da bayanta. Za ka ga wasu sun tsaya da ƙafarsu, wasu kuma an yanko su ne don a kai ka ga lambar da za a tura kuɗi. Ka bar salula a wani ɗaki har ka rufe Littafin, in ba haka ba ita za ta ci.

Fasto kuwa ka faɗa masa, ko wani dattijo da ya san Babanka in shi ya fi maka sauƙi. Duk faston da ya daɗe yana wa'azin Kirsimeti kowace shekara ya san wannan ciwo a jikinsa. In kana bukatar hutun wata biyu daga ajin matasa ka nema, ba tonon asiri ba ne.

Saura ƙanenka. Wanda ya tafi nema bai samu ba, sau da yawa kunya ce ke hana shi kira, ya gwammace a ce ya ɓace da a ce ya dawo hannu wofi. Daren da za ka karanta wa Inna Zabura 121, ka nemi izininta ka ɗauki muryarku a salula, da karatunka da tuntuɓenka da "koma" ɗinta, kada ka gyara komai. Ka tura masa ta lambar da ya kira ku ta ƙarshe, ko ta hannun wani ɗan gari da ke can, ka ƙara da cewa ba kuɗi ake nema ba, muryarsa ake so a ji. Ƙanwarku ta Magarya ma a tura mata. Bayan wata guda ka sake rubuto mini, ina so in ji yadda aka ƙare da idon, da kuma amsar da Inna ta ba ka a kan Rut. Ka gaishe ta, ka ce wata tsohuwa 'yar'uwarta tana yi mata sannu da jira.